Shin sai da takardar izini ake kai ɗalibai keɓantaccen dajin cikin birni?

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar wannan zaure. Ni malama ce a wata makarantar sakandare, ina koyar da ilimin halittu, kuma a zangon karatun da muke ciki na tsara kai ɗalibaina kimanin 60 wani keɓantaccen daji da ke cikin birni, wanda hukuma ta killace domin kiyaye itatuwa da tsuntsaye da wata 'yar fadama da ke tsakiyarsa. Niyyata ita ce yaran su ga abin da suke karantawa a littafi da idonsu. Na so su tsinko ganyaye mu busar a makaranta, su kama 'yan ƙwari a kwalabe, su kuma ɗebo ruwan fadamar da ƙasar bakinta mu duba a ɗakin gwaje-gwaje. Wani abokin aikina ya yi alkawarin zuwa da ƙaramin jirginsa marar matuƙi ya ɗauki hoton wurin daga sama, iyayen yara kuma sun haɗa mana dashen itatuwa 30 mu shuka a can a matsayin gudummawarmu.

Da na je duba wurin a makon jiya, sai ma'aikacin da ke bakin ƙofa ya ce mini ni kaɗai ko da iyalina zan iya shiga kowace rana ba tare da wata takarda ba, amma tawaga irin tamu sai da izini a rubuce. Ya ce tsinkar ganye da kama ƙwari haramun ne a wurin, jirgin kuma kada ma mu fito da shi daga jaka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da ya ce shuka itatuwan ma ba za a bari ba. Na tambaye shi inda aka rubuta waɗannan dokoki, sai ya nuna mini wani allo da rana ta cinye rabin rubutunsa.

Tambayata ita ce, wurin da aka ce na jama'a ne, da kuɗin jama'a ake kula da shi, me ya sa sai an nemi izini kafin a kai yara su yi karatu a cikinsa? Wa ke da hurumin bayar da izinin, kuma me ake rubutawa a takardar nema? Sannan wane irin wurin kiyaye daji ne zai ƙi karɓar kyautar itatuwa? Ina neman waɗanda suka san harkar su haska mini, domin saura mako biyar ranar da muka sa.

Tsohon Ma'aikacin Gandu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya. Na yi shekaru ina aikin kula da irin waɗannan wurare kafin in ajiye aiki, kuma zan iya ce miki abin da ma'aikacin ya faɗa ba baƙon abu ba ne, ko da yake ya kamata a ce ya iya yi miki bayanin dalili maimakon ya nuna miki allon da ya koɗe.

Farkon abin da za ki tantance shi ne irin wurin da kike magana a kai, domin mutane suna haɗa abu biyu da dokokinsu suka bambanta. Lambun shaƙatawa an yi shi ne domin mutane, wato su zauna a inuwa, yara su yi wasa, a motsa jiki, kuma ciyawa da itatuwan da ke ciki hidima suke yi wa mai ziyara. Keɓantaccen wurin kiyaye halittu kuwa an yi shi ne domin abin da ke rayuwa a cikinsa, mutum baƙo ne da aka yi wa alfarmar shiga bisa sharaɗi. A lambu, abin da ba a hana ba galibi halal ne. A keɓantaccen wuri kuwa sau da yawa akasin haka ne, duk abin da ya wuce tafiya a kan hanyar da aka shata da kallo da ido sai an tambaya. Ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya da ake kira IUCN, wadda aka kafa a 1948, ta kasa wuraren da ake karewa gida shida, tun daga wanda ba a shiga sai domin bincike har zuwa wanda ake barin mutane su ci moriyarsa daidai gwargwado. Saboda haka kalmar "keɓantacce" ita kaɗai ba ta isa ta gaya miki abin da aka yarda da shi ba.

Abu na biyu, wanda shi ne yake ɓata wa masu nema lokaci fiye da komai, shi ne sanin mai wurin. Kasancewar daji a cikin birni ba ya nufin hukumar birnin ce ke riƙe da shi. Gandun namun dajin Nairobi, wanda aka kafa a 1946 mai faɗin murabba'in kilomita 117, yana manne da birnin har ana hango dogayen benaye daga cikinsa, amma hukumar kula da namun daji ta ƙasar Kenya ce ke da iko da shi. Dajin Karura da ke cikin birnin guda kuma yana hannun hukumar gandun daji tare da wata ƙungiyar mazauna yankin. A Landan, filin Richmond da na Hyde suna ƙarƙashin hukumar filayen masarauta, yayin da ƙananan lambunan unguwanni suke hannun ƙananan hukumomi. Na sha ganin mutum ya kai takarda ofishin da ba shi da hurumi, an karɓa an buga mata hatimi, ya zauna yana jira mako uku, alhali takardar ba ta taɓa isa teburin wanda zai sa hannu ba. Ki duba tambarin da ke jikin allon nan ko jikin rigar ma'aikacin, shi zai gaya miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Game da yawan mutane, kusan kowace hukuma tana da adadin da idan aka haura shi ziyara ta zama taro. A birnin New York, alal misali, duk taron da ya wuce mutum 20 a lambunan birnin sai da izini, kuma ana so a nema aƙalla kwana 21 kafin ranar. Wasu wuraren adadin ya fi haka, wasu bai kai ba. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya yi aikin. Mutum 60 da suka shigo ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa yamma ba su yin ɓarnar da mutum 60 da suka shigo lokaci guda suke yi, domin hanyar da aka shata ta mutum biyu ce kafaɗa da kafaɗa, idan malami ya tsaya yin bayani sai yaran su kewaye shi, na gefe su taka tsiron da ke bakin hanya, ƙasa ta daddale, ruwa ya daina shiga, damina na zuwa zaizaya ta fara daga nan. Ga kuma batun makewayi da wurin ajiye mota da yiwuwar wata makarantar ta zaɓi rana ɗaya da ku. Takardar izini ita ce hanyar da mai kula da wuri yake sanin nauyin da za a ɗora wa ƙasarsa a rana kaza, har ya iya cewa ku zo Talata maimakon Alhamis, ko ku kasu gida uku.

Abin da za ki rubuta ba shi da wuya. Ki yi amfani da takarda mai ɗauke da sunan makaranta da sa hannun shugabanta, ki faɗi rana da lokacin shiga da na fita, ki ƙara wata ranar ta biyu ko da ta farko ba ta samu ba. Ki bayyana yawan ɗalibai da shekarunsu da yawan manyan da za su raka su, da hanyar da kuke son bi, da duk kayan da za ku shigo da su. Ki faɗi wanda zai riƙe akwatin taimakon gaggawa, da yadda za ku fita da shararku. Wasu hukumomin suna neman shaidar inshora ko takardar amincewar iyaye. Sai dai ki lura, izinin tawaga daban yake da izinin ɗibar samfuri, kuma daban yake da izinin ɗaukar hoto da jirgi. Idan kika cusa su duka a buƙata guda, wanda ya fi wuya a cikinsu zai riƙe sauran. Ki nemi na tawaga yau, domin mako biyar ba shi da yawa a wurin ofis.

Jirgin kuwa, shawarata ki cire shi daga lissafi. Hukumar gandayen ƙasa ta Amurka ta hana tashinsa a duk wurarenta tun 2014, filayen masarauta na Landan ma haka, kuma a cikin birni akwai dokar hukumar sufurin jiragen sama a kan ta masu daji. Ko da mai wurin ya yarda, ba lallai ba ne a ce shi kaɗai ke da ta cewa.

Mai Nazarin Tsuntsaye ta amsa:

Baba ya gama magana a kan ofis, Allah ya ƙara girma. Ni zan taɓa ɓangaren da na ga ya fi yi wa Malama ciwo, wato ganye da ƙwari da itatuwan da aka ƙi karɓa, domin nan ne aikina yake.

Malama, ganye ɗaya ba komai ba ne, kuma duk ma'aikacin da ya ce miki dajin zai mutu saboda ɗalibanki sun tsinki ganye ya yi ƙari. Matsalar ita ce doka ba a yi ta domin ke kaɗai ba. Dajin cikin birni ƙarami ne, masu shigarsa kuma ba su da iyaka. Lambun Central Park na New York eka 843 ne kacal, amma masu ziyartarsa a shekara sun haura miliyan 40. Idan aka ce kowa yana iya ɗaukar abu ɗaya, to abin da ya fi kyau da wanda ya fi ƙaranci su za a fara ɗauka, domin ba wanda yake tsinkar ciyawar da ta cika ko'ina. Ma'aikacin ƙofa kuma ba shi da yadda zai bambanta malamar kimiyya da mai haƙar saiwa ya kai kasuwa, saboda haka ake hana kowa, sannan a buɗe ƙofa ga wanda ya rubuto ya faɗi abin da zai ɗauka da adadinsa da abin da zai yi da shi. Irin wannan izini ana bayar da shi, musamman idan kika takaita buƙatarki, misali kwalba uku ta ruwan fadama da ganyen da ya riga ya faɗo ƙasa.

Har abin da muke gani kamar shara yana da aiki. A filin Richmond na Landan, wanda Sarki Charles na Ɗaya ya kewaye da katanga a 1637 kuma barewa kimanin 600 suke yawo a cikinsa har yau, an hana ɗaukar busasshen itacen da ya faɗi, domin a cikin ruɓaɓɓen gungume ne tsutsar wasu manyan buzuzu take yin shekaru kafin ta fito. An hana tsintar 'ya'yan itatuwa domin su ne abincin barewar a lokacin sanyi, kuma daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli, lokacin da suke haihuwa, dole kowane kare ya kasance a ɗaure da igiya. A Amurka kuwa wata doka ta 1918 ta sa mallakar gashin yawancin tsuntsayen ƙasar ko sheƙarsu ko ƙwansu ba tare da izini ba ya zama laifi, ko da a ƙasa mutum ya tsinta, saboda ba a iya gane gashin da aka tsinta da wanda aka fige. Ki gargaɗi yaranki a kan sheƙa musamman. Yaro ba ya ganin sheƙa ya ƙyale, kuma uwar da aka kora daga kan ƙwai a tsakiyar rana ba kullum take dawowa a kan lokaci ba.

Kasancewar mutum kawai, ko bai taɓa komai ba, tana da tasirin da aka auna. Wani bincike da aka yi a dazuzzukan da ke kusa da birnin Sidni na Ostareliya, aka buga a 2007, ya nuna cewa tafiya da kare, ko da yana ɗaure, ta rage yawan tsuntsayen da ake gani a wurin da kashi 41 cikin ɗari, ire-irensu kuma da kashi 35. Wannan ne ya sa za ki ga an hana kare da lasifika a wani sashe an bar su a wani, kuma shi ne dalilin da jirgin abokin aikinki yake da matsala, domin tsuntsu yana ɗaukarsa a matsayin shaho.

Sai batun dashe, wanda na san shi ne ya fi kama da rashin godiya. Tambayar da mai kula da wurin zai yi ita ce, wane iri ne, daga ina aka samo shi, kuma me ke cikin ƙasar da ke jikin saiwarsa? Afirka ta Kudu ta shigo da itatuwa daga Ostareliya da Turai da kyakkyawar niyya, domin katako da inuwa da tsayar da yashi, amma suka bazu suka danne tsirran asali, suna shanye ruwa suna ƙara wa gobara ƙarfi, har a 1995 gwamnati ta kafa wani shiri na musamman wanda aikinsa shi ne sare su, kuma har yanzu ana fama da su a kan tsaunin da ke tsakiyar birnin Kef, wato Cape Town. Wani tsuntsun Turai baƙi mai ɗigo-ɗigo da ake kira starling, wanda aka saki 'yan kaɗan a Central Park a 1890 yanzu ya cika nahiyar Amurka ta Arewa. Cuta ma a ƙasa take tafiya. A dajin Waitakere da ke gefen birnin Okland na New Zealand, wata cuta da ke kashe wasu manyan itatuwa da ake kira "kauri" tana yaɗuwa ta laka da ke manne wa takalmi, har a watan Mayun 2018 hukumar birnin ta rufe yawancin dajin, hanyoyin da aka bari kuma sai mutum ya goge takalminsa ya fesa magani kafin ya shiga. Idan laka a tafin takalmi tana iya yin haka, ki auna leda 30 cike da ƙasar da ba a san asalinta ba.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika tunawa ba, cewa ba kowane fili ne yake jiran itace ba. Fadamar da kika ambata, idan aka shuka mata itatuwa masu shan ruwa a baki, za ta iya bushewa cikin 'yan shekaru, tsuntsayen da suke zuwa dominta su daina zuwa. Dausayi yana da yarjejeniyar duniya tasa tun 1971, wadda aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran, kuma a ƙasashe da dama dokar da ke kare shi ta fi ta sauran daji tsauri. Ki tambayi masu wurin ko suna da ranar dashe tasu da irin da suka rena da kansu. Yawancinsu suna da ita, kuma hannu suke nema. Itatuwan iyayen yara kuwa harabar makaranta ta fi dacewa da su, inda za a samu mai ba su ruwa da rani.

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Na karanta bayanin Baba da na Hajiya, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin dalilansu ba. Amma ina ganin an yi saurin wuce tambayar farko da Malama ta yi, wadda a ganina ita ce mafi nauyi. Ta tambayi inda aka rubuta dokar, aka nuna mata allon da ba ya karantuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar da ba a rubuta ba, ko aka rubuta aka ɓoye, takan zama abin da mai tsaron ƙofa ya ga dama ya ce, yau ya hana gobe ya bari, gwargwadon fuskar mai tambaya.

Tarihin izini a filayen birni ba na kiyaye tsuntsaye ba ne kaɗai, akwai na hana mutane taruwa a ciki. A 1866 hukuma ta kulle ƙofofin filin Hyde na Landan domin hana masu neman a faɗaɗa 'yancin zaɓe yin gangami, jama'a suka tumɓuke shingen ƙarfen suka shiga, kuma bayan shekara shida, a 1872, aka yi dokar da ta buɗe hanyar yin jawabi a wani sashe na filin, wanda ake amfani da shi har yau. A Amurka, kotun ƙoli ta soke dokar wani birni a 1939 saboda ta ba jami'i guda ikon hana izinin taro bisa ra'ayinsa kawai, amma a 1941 kotun ta amince cewa hukuma tana iya neman a karɓi izini domin tsara lokaci da wuri da yadda za a yi taro, muddin ba a nuna bambanci. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu ne ma'aunin yake a ganina. Ko a 2004 an yi ta jayayya a New York lokacin da birnin ya hana wani babban gangami a filin ciyawar Central Park da hujjar cewa za a lalata ciyawar da aka kashe kuɗi aka gyara a 1997, masu gangamin kuma suka ce ciyawa ba ita ce ainihin dalili ba.

Kada kuma mu ɗauka cewa hukuma ce kullum mai kare wurin, jama'a kuma su ne masu ɓarna. A 1989 Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli ta ƙasar Kenya, ita ce ta tsaya ta hana a gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru na Nairobi, kuma gwamnati ce ke bayan ginin. A watan Janairun 1999 an fasa mata kai a bakin dajin Karura lokacin da ta je dasa itatuwa domin nuna adawa da yadda ake yanka dajin ana raba wa masu gini. Wannan dajin da Baba ya ambata, da an bar shi ga masu hatimi kaɗai, da yanzu gidaje ne a wurin.

Saboda haka, Malama, ki nemi izinin, amma ki neme shi a matsayin mai haƙƙi. Ki roƙi a ba ki kwafin ƙa'idojin wurin a rubuce, da sunan dokar da ta ba su ikon yin su. Ki riƙe kwafin takardarki mai hatimin karɓa da kwanan wata. Idan akwai kuɗin da ake biya, ki tambayi inda aka rubuta adadinsa, ki biya a inda ake bayar da rasit, kada ki miƙa wa kowa a bakin ƙofa, ki kuma tambaya ko ana yi wa makarantu rangwame, domin wurare da yawa suna yi amma ba su faɗa sai an tambaya. Idan aka hana ki, ki nemi dalili a rubuce da sunan wanda ake ɗaukaka ƙara gare shi. Jami'in da yake da hujja irin wadda Hajiya ta kawo ba zai ji nauyin rubuta ta ba.

Malamar Kimiyya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na koma wurin jiya na duba tambarin kamar yadda Baba ya ce, sai na tarar ashe ba hukumar birni ce ke riƙe da dajin ba, sashen gandun daji ne, kuma ofishinsu yana wani gefen gari dabam. Na kai takardar tawaga an buga mini hatimi a kwafina, na kuma karɓo ƙa'idojin a rubuce, shafi huɗu, waɗanda ashe suna nan a cikin durowa. Jirgin mun haƙura da shi. Batun dashe kuma na fahimta, ko da yake har yanzu ban san yadda zan gaya wa iyayen da suka sayo itatuwan ba.

Abu ɗaya ya rage. A cikin ƙa'idojin an rubuta cewa hukuma tana iya soke izini ko rufe wani sashe "a kowane lokaci", kuma wanda ya sa hannu shi ke ɗaukar alhakin duk ɓarnar da tawagarsa ta yi. Shin wannan ba yana nufin za mu iya ɗaukar hayar mota mu zo a mayar da mu daga ƙofa ba? Kuma idan yaro ya karya reshe, ni za a ci tara ko makaranta?

Tsohon Ma'aikacin Gandu ya sake amsawa:

Madalla, Malama, kin yi abin da ya dace. Wannan sharaɗi na rufewa yana cikin kusan kowace takarda da na taɓa sa wa hannu, kuma ba kasafai ake amfani da shi ba sai da dalili: ruwan sama mai yawa da ya sa hanya ta zama taɓo, iska mai kayar da rassa, haɗarin gobara a tsakiyar rani, ko tsuntsu ya yi sheƙa dab da hanya. Rufewa mai tsawo ana sanar da ita tun da wuri, kamar yadda aka rufe dajin Bukit Timah na Singafo daga 2014 zuwa 2016 domin gyaran hanyoyi da gangaren da ƙafafun masu ziyara suka zaizaye. Abin da zai tsare ki shi ne ki karɓi lambar wayar jami'in da ke wurin, ba ta babban ofis ba, ki kira shi ana gobe za ku zo da kuma safiyar ranar kafin mota ta tashi. Ranar ta biyu da na ce ki rubuta, amfaninta ke nan.

Game da tara, ki duba sunan da aka rubuta a gurbin mai riƙe da izini. Idan sunanki ne, ke za a nema. Ki koma ki sa a rubuta sunan makaranta, shugabanta ya sa hannu, ke kuma a rubuta ki a matsayin jagorar tawaga. A shekarun da na yi ban taɓa cin tarar makaranta saboda reshe ɗaya ba, abin da muke cin tara a kansa shi ne wuta da shara da sassaƙa suna a jikin itace. Ki kasa yaran gida huɗu, kowane rukuni da babba guda a gaba, ki bar tazarar minti goma tsakaninsu, ki kuma roƙi a ba ku ma'aikaci ɗaya ya zagaya da ku, domin ya san inda mujiya take kwana, ke ba ki sani ba. Iyayen kuwa ki gayyace su ranar da za a shuka itatuwan a harabar makaranta, kowa ya riƙe wanda ya sayo.